Hattara da mai tallar tsoffin kyamarorin fim a Akra

Salamu alaikum 'yan uwa, musamman matasanmu masu ɗaukar bidiyon biki da suna a Nima, Mamobi, Sabon Zango, Fadama da Madina. Akwai wani mutum da ke tallar tsoffin kyamarorin fim a Facebook da Instagram da zaurukan WhatsApp, kuma ya cuci mutane da dama a cikinmu. Ko in ce wasu mutane, domin muryar da ke amsa waya ba ɗaya ba ce. Sunan shafin yana sauyawa, lambar MoMo, wato asusun tura kuɗi ta waya, tana sauyawa, amma hotunan kayan su ne dai kullum: Canon da Nizo da Bolex a jere kan jan ƙyalle, ga kwalayen fim masu ruwan ɗorawa a gefe. Ba zan kama suna ba, tunda sunayen da yake aiki da su na aro ne, kada in ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba jakar tsaba. Salonsa zan faɗa muku, shi ne ba ya iya canzawa.

Kasuwar ta buɗe masa ne saboda amaren yanzu suna son hoton bikinsu ya fito da launin zamanin kakanni, kuma wasu sun gaji da na jabu da ake yi a kwamfuta, fim na gaske suke nema. Sai yara suka bazama neman Super 8, wato kyamarar ƙaramin fim mai faɗin milimita 8. Shi kuwa ya gano abin da yawancinsu ba su sani ba: kyamarar fim ba ta nuna maka aikinta nan take. Ba allon da za ka duba. Sai ka ɗauka, ka aika fim ɗin wanki Turai ko Amurka, ka jira makonni, sannan ka san ko akwai hoto ko babu. A cikin makonnin nan yake rufe layi ya buɗe sabon shafi. Damfarar gaba ɗaya a kan wannan jiran ta tsaya.

Gyaran kyamara da majigi ne sana'ata, shi ya sa gawarwakin suke ƙarewa a kan teburina. Wani yaro daga Mamobi ya shigo mini da tasa a jakar leda, ya sa batir, ya danna, ta ɗauki ƙara. Ya ce, "Kawu, ji yadda take kuka, lafiyarta ƙalau. Amma masu wanki sun aiko cewa babu hoto ko ɗaya." Na ce, "Ɗana, buɗe ƙofar gefe ka sake dannawa." Ya buɗe, ya danna. Inji yana ta kuka, amma ɗan zagayayyen makullin da ya kamata ya juya kaset ɗin fim ko motsi bai yi ba. Da na kwance murfin, haƙoran giyar roba sun zube a ƙasa kamar garin rogo. Injin iska kawai yake juyawa. Walimar mutane ya ɗauka da ita, ya karɓi kuɗinsu, ya biya kuɗin aikawa da na wanki, kuma amarya ba za ta sake shiga lalle don shi ba.

Da bidiyon wannan ƙarar mutumin yake kama mutane. Zai turo maka ɗan gajeren bidiyo a WhatsApp, yatsa a kan maɓalli, kyamara tana kuka, ƙofa a rufe. Daga nan sai ya ce wani daga Kumasi yana kan hanya da kuɗi a hannu, in kana so ka tura kafin alƙalami ta MoMo. Wasu daga nan labari ya ƙare, waya ta mutu. Waɗanda ya ga za a iya tatsa kuwa sai ya aiko musu da kayan ta hannun ɗan okada, wanda ba abin da ya sani, shi dai a cika masa ragowar kuɗi ya wuce. Cinikin biri a sama ke nan, sai dai wannan birin ko an sauko da shi matacce ne.

Yana kuma haɗawa da tarihi don kuɗi su hau. Ya ce wa wani kayan daga tsohon sito na Ghana Film suka fito, har da wadda aka ɗauki Kwame Nkrumah da ita. Kamfanin dai gaskiya ne, an kafa shi a 1964, kuma a 1996 aka sayar da kaso 70 cikin ɗari ga wani kamfanin Malesiya, kowa ya san wannan. Amma kyamarar da ya nuna Canon 1014 XL-S ce, wadda ta fito a 1979. An hamɓarar da Nkrumah a watan Fabrairun 1966, ya rasu a 1972. Shi kansa tsarin Super 8 sai a 1965 Kodak ta fito da shi, kuma don masu ɗaukar iyalinsu a gida aka yi shi. Sunan kowace kyamara yana rubuce a jikinta. Ka buga shi a waya, shekarar fitowarta za ta fito maka kafin ya gama zuba.

Sai maganar fim, inda ya fi cin ƙarensa babu babbaka. Kwalayen nan masu ruwan ɗorawa da ja da yake bayarwa a matsayin gyara, ko ya sayar da araha, Kodachrome 40 ne. Kodak ta daina yin sa a Super 8 tun 2005. Wurin wankinsa na Luzan a Suwizalan, wanda adireshinsa ke jikin ambulan ɗin da ke cikin kwalin, ya daina wannan aiki a 2006. Wuri na ƙarshe a duniya da ke wanke shi da launi, Dwayne's Photo a jihar Kansas ta Amurka, ya rufe karɓa a ƙarshen 2010. Yau in an taki sa'a a fitar maka da baƙi da fari mai hazo, shi ke nan. Amma shi ambulan ɗin nan yake ɗagawa ya ce, "Ka ga, har kuɗin wanki an biya." Haka kuma in ya ce maka kyamara tana ɗaukar murya, jikinta dai yana da wurin makirfo, amma kaset mai ɗaukar murya an daina yin sa tun 1997. Murya daban za ka naɗa. Na ga kuma ya sayar wa wani Fujica, wadda kaset ɗinta Single-8 ne, siffarsa daban, na Kodak ba ya shiga cikinta ko da tsiya.

Fim ɗin da ake yi yanzu sananne ne: Vision3 50D, 200T da 500T, sai Ektachrome 100D da ya dawo a 2018, da Tri-X baƙi da fari. Kowane kaset ƙafa 50 ne, wato mita 15, hoto 3,600. In kana gudu a hoto 18 cikin daƙiƙa, minti 3 da daƙiƙa 20 za ka samu. A 24 kuwa minti biyu da rabi. Duk wanda ya ce maka kaset ɗaya zai ɗauke ɗaurin aure daga huɗuba zuwa fatiha, ko bai sani ba ko yana so kai kada ka sani. Sabon kaset a rufe yake cikin takardar azurfa. In an buɗe, duba tagarsa: wanda aka riga aka ƙarar za ka ga an buga EXPOSED a wutsiyar fim ɗin.

To yaya ake gwaji? Da farko a haɗu ido da ido, da rana, a wurin jama'a, ko Circle ne ko bakin kasuwar Nima, kuma sisi ba ya fita kafin nan. Ka zo da naka batir, da tocila, da alƙalamin maka, da kaset ko da tsoho ne. Fara da ramin batir. In ka ga farin gari ko kore a kan ƙarafan, tsohon batir ya taɓa fashewa a ciki, kuma ruwansa yana bin waya ya shiga ciki inda ido ba ya kaiwa. Buɗe ƙofar fim, danna, ka ga makullin yana juyawa, 'yar ƙugiyar da ke jan fim tana hawa da sauka. Ɗora yatsa a hankali a kan makullin, ya kamata ka ji yana ja. Sannan ka yi ɗigo da maka a kan fim ɗin da ke leƙowa ta tagar kaset, ka sa, ka danna daƙiƙa biyu, ka ciro. In ɗigon yana nan inda ka bar shi, miƙa masa kayansa ka yi sallama.

Abu na gaba yana yaudarar har waɗanda suka ɗan san aiki. A yawancin kyamarorin Super 8, hasken da ke zuwa idonka an tsakuro shi ne kafin ya kai ƙofar da ke rage haske, don haka ko ƙofar ta maƙale, kai za ka ga komai tangaran. Sai ka cire kaset, ka leƙa ta bayan tagar fim, ka danna, ka nufi sama, ka dawo inuwa. Dole ka ga ramin yana tsukewa yana buɗewa. Wasu ma'aunin haskensu yana da nasa ƙaramin batir daban, mai ƙarfin volt 1.35, irin mai sinadarin makuri da aka hana yi. Na yanzu mai 1.5 yana shiga ramin amma yana ba da awon ƙarya, sai an nemo wanda aka yi don maye gurbinsa. Ka kuma san cewa masu arahar cikinsu fim iri biyu kawai suke ganewa, mai lambar ƙarfin kama haske 40 da mai 160, to in kyamara ba ta bari ka saita haske da hannu, ka yi tunani kafin ka biya.

Sannan haska tocila cikin gilashin ta gaba. Iskar Akra da danshinta da gishirin teku ba sa raga wa gilashi. In ka ga zare-zare farare suna yaɗo daga gefe, fumfuna ce. Ta sama-sama ana gogewa, amma wadda ta shiga tsakiyar gilashi mai zuƙowa, kuɗin kwance shi ya fi kuɗin kyamarar.

Masu neman kyamarar fim mai faɗin milimita 16, wato Bolex, ku ne ya fi so, domin nan kuɗi suke. Bolex H16 ta Suwizalan ce, a 1935 aka fara yin ta, galibi ba ta cin batir, wana ta ake yi. Tana da ƙanwa, H8, jiki ɗaya, fata ɗaya, hannu ɗaya, a hoto ba ka rabe su. Ya sayar wa wani H8 a kuɗin H16, bayan ya kankare tambarin. Buɗe ta ka dubi tagar fim: ta H8 'yar mitsitsiya ce. Dubi kuma ƙafafun da ke jan fim. Tsofaffin na farko haƙora biyu gare su, sama da ƙasa, alhali fim ɗin yau galibi gefe ɗaya yake da huji, sai su yayyaga shi. Wana ta ta cika, sa a 24, ka kama agogo: wajen daƙiƙa 28 za ta yi, da murya ɗaya ba hawa ba sauka. Kada ka bari ya burge ka da gudun 64 babu fim a ciki, lalata ta yake yi a gabanka. Akwai ɗan siririn ƙarfe da ake zurawa ta gefe bayan gilashi, na riƙe matatar haske. In babu shi, rana za ta shiga ta ramin ta ƙona maka fim.

Ƙeta mafi muni a gilashin take. A hoton talla za ka ga Kern Switar, wanda sau da yawa shi kaɗai ya kai kuɗin jikin kyamarar ko ya fi. Abin da zai iso hannunka gilashin kyamarar tsaro ne irin na bakin shago, saboda zaren ɗaurinsu ɗaya ne, yana shiga daram. Wasunsu ma ba sa taɓa kawo hoto sarai a kan Bolex komai juyin da ka yi. In kuwa Bolex ɗin mai leƙe ta cikin gilashi ce, gajerun gilasanta sai masu alamar RX. Karanta rubutun da ke zagaye da bakin gilashin, ka gwada da na hoton da ya turo.

Kayan haɗin da yake cusa wa mutane, jaka da fitila mai zafi da tsohon makirfo, ba ka buƙatar ko ɗaya. Abin da za ka nema shi ne ƙafa uku mai nauyi, matatar rage haske saboda ranarmu, da roba mai murfi da ƙullin silika don ajiya. Rana tsaka 50D, zauren biki da dare 500T. Cire batir in ka gama, Bolex kuma a bar ta ta sauke waninta kafin a ajiye. Fim a firji cikin leda a ɗaure, kuma in ka fito da shi bar shi ya huce kafin ka buɗe, in ba haka ba zai yi gumi.

Kwanan nan ya ƙara sabon reshe: wai yana da injin wanki a Tema, kawo kaset da kuɗi, mako ɗaya ka karɓi bidiyonka. Wannan ya fi na farko ciwo, domin kuɗi ana mayar da su, amma kaset ɗin bikin mutane guda ɗaya ne a duniya. Ce masa ya kai ka ka ga injin. Mu da muke wannan harka wuraren da aka sani muke aikawa, irin Andec a Balin ko Pro8mm a Kalifoniya, da lambar bin sawun kaya. In kuma matafiyi za ka ba, ya riƙe a jakar hannu ya roƙi a duba da hannu a filin jirgi, domin na'urar haska kaya tana ɓata fim ɗin da ba a wanke ba.

Wanda ya riga ya faɗa, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ɗauki hoton hirarku da na tallar kafin ya goge, ajiye saƙon MoMo mai lambar ciniki da sunan da ya fito lokacin turawa, ka sanar da kamfanin layinka, ka kira 292 na Hukumar Tsaron Intanet, sannan ka kai ƙara ofishin 'yan sanda. 'Yan uwanmu na Aboabo da Asawase su ma su buɗe ido, domin jan ƙyallen nan ya fara bayyana a zaurukan Kumasi. Wannan karon Beaulieu 4008 ce ta Faransa a kai, yana cewa batir ne kawai babu. Batir ɗinta nata ne na musamman, zagayayye, da ake ɗaurawa a gefenta, ba a samunsa a kanti, kuma in babu shi ba yadda za a yi ka gwada ta a gabansa.