Ɗaurin ya yi kyau, amma wa ya sa ka tace min takardu?

Shagon nan da ke layin masu fotokwafi a Samaru, daura da ƙofar jami'a, wanda kowa ke yabo, nan na kai aiki. Ba sai na kama suna ba, duk wanda ya taɓa ɗaure furojet ya san shi.

Ƙanwata ce ke rubutun kammala digiri a kan finafinan Hausa, malaminta ya ce kada ta sake kawo masa babi na biyu sai ta karanta rubuce-rubucen Farfesa Abdalla Uba Adamu. Na tattara mata maƙalunsa a filasha, na kai a buga a ɗaure su littafi guda. Gaskiya takardarsu fara ce tas, tawada ba ta dushe ba, bango mai kauri, kuɗin ma bai kai na maƙwabtansa ba. Har na fara cewa na samu wurin zuwa.

Sai da yarinya ta zauna karatu ta ce, "Yaya, ina na farko-farkon?" Muka duba, duk maƙalun da suka shafi koyar da kimiyya babu ko ɗaya. Na koma shagon a fusace. Mai shagon ko a jikinsa, wai shi ya cire su da kansa don ya rage min kuɗi. "Malam, ai mutum biyu ne, suna ne ya zo ɗaya. Me ya haɗa malamin kimiyya da rawa da waƙar Kannywood?"

Abin da ya haɗa su shi ne ainihin abin da ƙanwata ke rubutu a kai! Mutumin nan a fannin koyar da kimiyya ya yi digirin digirgir a Jami'ar Sussex ta Ingila, ya zama farfesa a fannin a 1997 a Jami'ar Bayero. Daga baya ya koma nazarin yadda finafinan Hausa ke aro daga na Indiya, su auren dole da soyayyar mutum uku da waƙoƙi, har ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu a 2012, kafin ya shugabanci jami'ar karatu daga gida ta NOUN daga 2016 zuwa 2021. Babin yarinyar kacokan a kan wannan sauyin sheƙar yake. Ina masa bayani yana ta latsa wayarsa.

Yaron shagon ne ya fi shi hankali. Ya ba ni kujera, ya ba da haƙuri, ya sake bugawa nan take duk da ba wuta sai da ya tayar da janareta. Saboda shi na sauko, har na yi niyyar ba su tauraro huɗu.

Amma da aka zo yanke gefe bayan sabon ɗaurin, wuƙar ta shafto layin ƙarshe na bayanan ƙasan shafi, inda sunayen mujallu da shekaru suke. Mai nazari kuwa nan ne abincinsa. Kuma bayan duk wannan, ogan ya ce sai na biya kuɗin bango na biyu da na man janareta. Na biya don magariba ta kawo kai, ga Tudun Wada zan koma.

Tauraro biyu, dukkansu na yaron ne. In dole sai nan za ku kai, ku tsaya a kansu har a gama, ku ƙirga shafukanku kafin a sa gam.