Sauya masu naƙasa daga DLA zuwa PIP a Birtaniya: yadda hidimar take da inda take cin mutane

Gidaje da dama a unguwannin Gwarinpa, Kubwa da Lugbe na Abuja suna da ɗan'uwa mazaunin Landan ko wani gari na Ingila, kuma cikin waɗannan 'yan'uwa akwai masu lalurar naƙasa da ke karɓar tallafin gwamnatin can. Wani ya yi shekaru yana karɓar tsohon tallafin naƙasa da ake kira DLA, wata kuma ɗanta ne mai lalura ya kusa cika shekara 16. Dukansu hanya ɗaya za su bi zuwa sabon tallafin da ake kira PIP, wanda ma'aikatar ayyuka da fansho ta Birtaniya, DWP, ke gudanarwa. Hukuncinmu a kan wannan hidima shi ne: kuɗin ba laifi, ƙa'idojin a rubuce suke kowa na iya karantawa, amma hanyar sauyin ba ta da afuwa, kuma ta fi cin mutum mai kunya da kawaici.

Abin da ya kamata a fara ganewa, ba ɗaukar sunan mutum ake yi daga wannan rajista a mayar a waccan ba. Sabuwar nema ce daga tushe. DLA ta fara a 1992, PIP kuma a watan Afrilun 2013 bisa dokar garambawul ɗin tallafin jama'a ta 2012. Wanda aka haifa a ranar 8 ga Afrilu 1948 ko kafin nan an bar shi a kan DLA, haka ma yara 'yan ƙasa da shekara 16. Sauran kuwa wasiƙa ake aiko musu a ce su nemi PIP, ko da a da an rubuta musu cewa tallafinsu ba shi da ranar ƙarewa. An riga an sauya akasarin manya, amma duk yaron da ya kai 16 sai ya shiga layin.

Daga ranar da ke jikin wasiƙar, kwana 28 mutum ke da su ya buga waya ya fara nema. In bai yi ba a dakatar da DLA ɗinsa, in aka ƙara wasu kwana 28 shiru a rufe ta. A nan ne mutanenmu suka fi faɗawa rami, domin wasiƙar takarda ce da ake jefawa ta ƙofa, ba saƙon waya ba. Baba ya zo Abuja bikin 'yar ƙaninsa, daga nan ya wuce gida gaisuwar rasuwa, aka ce ai sai ya tsaya ya yi sallah, wata biyu sun shuɗe, ambulan mai ruwan ƙasa na kwance a bayan ƙofa a can. Duk mai karɓar DLA da zai yi doguwar tafiya ya bar makulli a hannun wanda zai riƙa buɗe masa wasiƙu. Kuma doka ta ce a sanar da ma'aikatar in tafiyar za ta wuce mako huɗu. Ana ci gaba da biya har mako 13 mutum yana waje, ko mako 26 in magani ya fita nema.

Wayar farko ba ta da wahala: suna, ranar haihuwa, lambar inshorar ƙasa, asusun banki, sunan likita, da lokutan da aka yi a ƙasar waje. Ana so mutum ya kasance a Birtaniya aƙalla mako 104 cikin 156 da suka wuce. (Ɗalibai da masu bizar aiki da aka buga musu sharaɗin hana cin kuɗin gwamnati ba sa cikin wannan magana, kada wani ya ruɗe su su nema.) Bayan wayar sai a aiko da babban fom, PIP2, a ba da wata ɗaya a mayar. Ana iya roƙon ƙarin lokaci, kuma galibi ana bayarwa in an nema kafin wa'adin ya cika. Abin yabo a nan, muddin an fara nema a kan lokaci, DLA ba ta tsayawa har a yanke hukunci, sannan a ƙara biyan aƙalla kwana 28 bayansa.

Fom ɗin shi ne zuciyar al'amarin. Ba sunan ciwo ake ba maki ba. Mai ciwon sikila, mai shanyewar ɓarin jiki, mai farfaɗiya, duka tambayoyi ɗaya ake musu a kan ayyuka 12. Goma na rayuwar yau da kullum ne: haɗa abinci, ci da sha, shan magani da lura da jinya, wanka, shiga bayi, sa tufafi, magana da jin magana, karatu, cuɗanya da mutane, da sarrafa kuɗi. Biyu na zirga-zirga ne: iya tsara tafiya da bin hanya, da kuma iya takawa da ƙafa. A kowane ɓangare, maki 8 zuwa 11 na ba da matakin ƙasa, 12 zuwa sama na ba da matakin sama. A shekarar kuɗi ta 2025 zuwa 2026, ɓangaren rayuwar yau da kullum fam 73.90 ne ko 110.40 a mako, na zirga-zirga fam 29.20 ko 77.05. Ana biya duk mako huɗu, ba haraji, ba ruwansu da albashin mutum ko ajiyarsa.

To ga inda gizo ke saƙar. Bahaushe in aka tambaye shi jiki, "da sauƙi, alhamdu lillahi" zai ce, ko da daren jiya bai runtsa ba. Wannan tarbiyya ce mai kyau a zaure, amma a fom ɗin nan sifili take jawowa. Ɗauki tambayar wanka. Dattijuwar da 'yarta ke riƙe ta ta shiga baho ta fito tana da maki 3. In ana cuɗa mata tsakanin kafaɗa da ƙugu, maki 4 ne. In kujerar roba kawai take zama a kai saboda jiri, maki 2. Amma in ta rubuta "ina wanka kullum", wanda gaskiya ne, ba ta da ko ɗaya, alhali ba ta faɗi yadda wankan ke yiwuwa ba. Tambayar bayi ta fi tsanani. Wa zai iya gaya wa baƙo, watakila ma mace sa'ar 'yarsa, cewa sai an ɗaga shi daga kan masai, ko fitsari na kufce masa? Amma taimako a bayi maki 4 ne, taimakon mai yoyon fitsari ko bayan gida maki 6. Rabin abin da ake buƙata ke nan a tambaya guda, kuma ita ce aka fi tsallakewa.

Tambayar girki kuma maza take kayarwa. Alhaji zai rubuta "Hajiya ce ke girki", ya wuce abinsa. Ba wanda ke girki ake tambaya ba. Ana so a sani ko zai iya haɗa abinci mai sauƙi na mutum ɗaya daga ɗanyen kaya: ya fere dankali, ya yanka albasa, ya ɗaga ƙaramar tukunya mai zafi ba tare da ta suɓuce ba. In hannunsa na rawa har sai an tsaya a kansa ko an kama masa, maki 4 ne, ko da bai taɓa kunna murhu ba a rayuwarsa.

Akwai ƙa'ida guda da ke kare mai nema, sai dai fom ɗin bai fito da ita fili yadda ya kamata ba. Ba a ɗaukar mutum ya iya aiki sai in zai yi shi ba haɗari, ya yi shi da kyau, ya maimaita duk lokacin da ake buƙata, kuma bai ninka lokacin da mai lafiya ke ɗauka fiye da sau biyu ba. Sannan ana duba abin da ke faruwa a fiye da rabin kwanakin shekara. Ga mai sikila wannan ne makami. Ranar da yake garau zai iya hawa bene, amma in kwana huɗu cikin bakwai ciwon ƙashi na kwantar da shi, kwanaki huɗun nan ne ya kamata su cika fom ɗin. Hanya mafi sauƙi ita ce a ɗauki littafi a rubuta abin da ya faru kullum na mako ɗaya ko biyu, da lokacin da kowane aiki ya ci, a haɗa da fom.

Maganar takawa ita ta fi tayar da ƙura tun farkon tsarin. A zamanin DLA an saba auna mita 50 wajen ba da matakin sama. A PIP sai wanda ba ya wuce mita 20 ke samun maki 12 a wannan tambaya. Mai iya mita 20 zuwa 50 da sanda maki 10 ne, ba sanda 8. Mita 20 kuwa bai wuce tsawon motoci huɗu ko biyar a jere ba. Wanda ya sauko daga matakin sama na zirga-zirga yana rasa damar motar shirin Motability, mai ba masu naƙasa hayar mota da kuɗin tallafinsu, sai ya mayar da ita cikin 'yan makonni. Mutum ya rasa motar da ke kai shi asibiti saboda bambancin mita kaɗan, a ganinmu wannan ne aibi mafi girma a tsarin. Wasu asarorin biyu ba a cika ambatarsu ba: DLA na da mataki uku a ɓangaren kulawa, PIP biyu ne, don haka mai matakin mafi ƙasa na iya tashi ba komai. Kuma in ɓangaren rayuwar yau da kullum ya faɗi, alawus ɗin mai jinya, wanda ake ba mai hidimar awa 35 a mako, shi ma ya tafi. Gida ɗaya, asara biyu.

Sai tantancewa. Kamfanoni ne ke yi a madadin gwamnati. Atos da Capita suka fara a 2013, tun Satumban 2024 kuma aikin na hannun Maximus, Capita, Serco da Ingeus, kowanne da yankinsa. Mai tantancewar yawanci nas ne ko mai gashin ƙashi ko makamancinsu, ba lallai masanin ciwon da ke gabansa ba. Ana yi ido da ido, ko ta waya, ko ta bidiyo, wani lokaci ma da takardu kawai. Ana iya zuwa da ɗan rakiya, a nemi tafinta, a nemi a ɗauki sautin zaman, duk in an faɗa tun da wuri, kuma ana mayar da kuɗin mota. Muna ba da shawarar tafinta ko ga mai jin Turanci daidai gwargwado, domin bayanin zafin ciwo da yaren da ba na uwa ba yana fitowa a taƙaice. A kuma san cewa hirar gefe ma cikin aikin take. "Yaya kuka zo?" "Kuna zuwa masallaci?" Amsar "e, kowace Juma'a" za ta iya komawa hujjar cewa mutum na tafiya da cuɗanya lafiya lau, in bai ƙara da cewa ɗansa ke sauke shi a bakin ƙofa kuma a kan kujera yake salla ba.

Takardun shaida su zama masu bayanin aiki, ba na sunan ciwo kawai ba. Rahoton da aka karɓo daga wani asibiti a Abuja yana taimakawa wajen nuna daɗewar lalura, tunda ana so ta kai wata uku da farawa kuma ana sa ran za ta ƙara wata tara. Amma wasiƙar likitan unguwa na can, ko ta makarantar yaro, ko bayanin wanda ke jinyar a gida, sun fi nauyi. Kwafi ake aikawa, a rubuta suna da lambar inshora a kowane shafi. Ga yaro mai cika 16 wanda ba zai iya tafiyar da harkar kuɗinsa ba, uwa ko uba na neman a naɗa su wakilai, kuma ma'aikatar kan rubuto a kan haka kafin ranar haihuwar.

In hukunci ya fito ba daɗi, kada a ce haka Allah ya so a naɗe hannu. A buga waya a nemi kwafin rahoton mai tantancewa, PA4, a bi shi layi-layi. Wata ɗaya ake da shi a nemi ma'aikatar ta sake duba hukuncin, ko har wata 13 in akwai ƙwaƙƙwaran uzuri. Wannan mataki ba ya cika sauya komai. Na gaba shi ne kotun sauraron ƙorafi mai zaman kanta, da fom SSCS1, cikin wata ɗaya, kyauta. A can alƙali da likita da masanin harkar naƙasa ke zama, kuma alƙaluman gwamnati sun daɗe suna nuna fiye da rabin masu ƙarar PIP da aka saurara na yin nasara, a wasu shekarun kusan bakwai cikin goma. Wannan yabo ne ga kotun, tsiya kuma ga matakin farko. Sai dai jiran na ɗaukar watanni, kuma DLA ba ta dawowa a tsakani. In an ci nasara ne ake biyan bashin baya. Ofisoshin Citizens Advice, ƙungiyar ba jama'a shawara, na taimakawa da cika fom da rubuta ƙara ba ko sisi.

Mai ɗan'uwa a Glasgow ko Edinburgh kuma ya lura, Sukotland ta kama tata hanyar. Tun 2022 ta fara maye gurbin PIP da nata tallafin, kuma ta kwashe mutanen da ke kan tsohon tsari zuwa hukumarta ba tare da sun sake nema ba, ba ta kuma ba kamfanoni aikin tantancewa. Wanda ya ƙaura daga can zuwa Ingila sai ya nemi PIP sabuwa, don haka a fara tattara takardu kafin a ɗaure kaya.