Jama'ar Katsina a yi hattara da masu "gwanjon kwastan" na Facebook da WhatsApp

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah duk wanda ya ci karo da wannan rubutun ya daure ya karanta, kuma ya tura ma na kusa da shi, musamman matasanmu da matan aure masu 'yar sana'a a waya, don wallahi abin nan ya fara yawa a garin nan kuma waɗanda aka cuta shiru suke yi saboda kunya.

Akwai wasu 'yan damfara da suka buɗe shafuka a Facebook da sunan jami'an kwastan, za ka ga hoton mutum cikin kaki da hula, an rubuta wai shi ne mai kula da gwanjon kayan da aka kama. Kullum sai sun ɗora hotuna, yau Corolla gobe Sienna jibi Hilux, ga babura ga Keke Napep ga buhunan shinkafa 'yar waje da jarkokin man girki. Farashin kuwa ko a mafarki ba ka ganin irin shi, motar da kowa ya san ta haura miliyan 8 sai su ce miliyan 1 da rabi, wai gwamnati ce ke son a rage cunkoso a ma'ajiya. A ƙasan hoton kuma sai ka ga mutane sun yi ta godiya, "Alhamdulillah tawa ta iso jiya, Allah ya saka ma oga", alhali duk su ne da wasu akawun ɗin na bogi.

Abin da ya sa wannan ƙaryar take kama mu a Katsina fiye da wasu wurare shi ne muna bakin boda. Wanda ke bin hanyar Jibiya ko ta Kongolam can wajen Daura ya sha ganin an tare mota an sauke shinkafa, balle tun da aka rufe boda a watan Agustan 2019 kowa ya san wani da aka kama ma kaya. To idan aka ce maka ga kayan da aka kama za a yi gwanjonsu, zuciyarka ba ta musu, don ka san kayan akwai su da gaske. Nan suke shigowa.

Akwai wani yaro mai gyaran waya a unguwarmu, yaron kirki ne wallahi, ba ya shaye-shaye ba ya rigima, burin shi kawai ya samu Keke ya ba ƙanen shi ya riƙa ja. Ya yi ma ɗaya daga cikinsu magana, nan take aka maida shi WhatsApp. Farko aka ce ya sayi fom naira dubu 15. Ya tura. Aka aiko mashi da takarda mai tambarin Najeriya da hatimi da sa hannu, wai ya ci gwanjo, har da lambar Keken. Na ga takardar da idona a wayar shi, sunan Katsina ma ba su rubuta shi daidai ba, kuma sunan da ke kan akawun ɗin da ya tura kuɗin daban yake da sunan ogan, da ya tambaya sai aka ce ai na akanta ɗin ofis ne. Daga nan sai kuɗin fito, sai kuɗin takardu, sai kuɗin man tirelar da za ta kawo. Da kuɗin hannun shi suka ƙare, mahaifiyar shi ce ta saida tumakinta biyu da take kiwo don layya ta ba shi. Ya kunna mani saƙon muryar da wai direban ya turo, da Hausa tsaf, yana cewa "Alhaji ka kwantar da hankalinka, mun wuce Zariya muna Funtuwa, jami'ai ne suka tsare mu a hanya sai an ɗan ba su wani abu". Ya ƙara turawa. Washegari lambar a kashe, shafin ma an canza mashi suna da hoto. Har yau yaron nan bai iya haɗa ido da mahaifiyar shi sosai.

Ku lura da salon, ba su taɓa neman kuɗin gaba ɗaya. Kaɗan-kaɗan suke ja, ta yadda duk sanda ka so ka tsaya sai ka tuna abin da ka riga ka zuba, ka ce bari in ƙarasa kar wancan ya tafi a banza. Kuma kullum cikin gaggawa suke sa ka, wai yau ne ranar ƙarshe, wai akwai wani ɗan Kano da ke jira in ba ka biya ba a ba shi, kuma wai kar ka faɗa ma kowa don alfarma ce aka yi maka ta bayan fage. Duk cinikin da aka ce kar ka yi shawara da kowa a kan shi, to tsoron mai shawarar ake.

Gwanjon kwastan na gaskiya akwai shi, kar wani ya ce na ce babu. Tun 2017 hukumar ta fara yin shi ta intanet, amma a shafinta na hukuma wanda adireshin shi ke ƙarewa da .gov.ng, sai kana da lambar biyan haraji ta TIN za ka yi rajista, ka yi tayi tare da sauran mutane, in ka ci ka biya ta banki zuwa asusun gwamnati, sannan kai da kanka ka je inda kayan suke ka ɗauka. Babu jami'in da zai bi ka WhatsApp yana lallashinka, babu biya a akawun ɗin wani mutum, kuma hukumar ta sha fitowa tana gargaɗin cewa ba ta gwanjo a soshiyal midiya.

Sai kala na biyu, wanda ya fi cin ɗalibai da matan aure. Shi wannan ba kwastan a ciki, ce maka za a yi zo mu koya maka neman kuɗi da gwanjon intanet kana zaune a ɗaki. A sa ka a guruf na WhatsApp ko Telegram, ka biya kuɗin rajista, a ba ka wata manhaja ka sauke, a cikinta wai kana sayen agogo ko waya ko gwal a gwanjo yau, gobe manhajar ta saida maka da riba. Ba ka ga agogon ba, ba ka san mai saye ba, lambobi ne kawai ke hawa a fuskar waya. Satin farko za su bari ka cire 'yar riba ka ji alat ya shigo, sai ka ƙara zubawa, sai a ce in ka kawo mutum biyar kana da kamasho, sai ka kawo matarka da ƙannenka da abokan aikinka. Ribar da ka cira kuɗin wanda ya shigo bayanka ne, ba wani ciniki da aka yi. Ranar da sabbin shiga suka ragu sai a ce ana gyaran manhaja, ko kuma sai ka biya wani kuɗi kafin a buɗe maka cirewa. Haka MMM, wani tsarin zuba kuɗi na damfara irin wannan, ta rufe ma mutane akawun a Disambar 2016, haka 'yar uwarta CBEX ta yi a Afrilun 2025, mutane suka yi ta kuka, riga kawai ake canza ma abin. Kuma masu tallata irin wannan su sani, dokar zuba jari ta 2025 ta maida shi babban laifi mai ɗaurin gidan yari.

Ni abin da ke ƙara ɓata mani rai, suna sa ayoyi da "insha Allahu halal ne" a tallansu don su kwantar ma mutane da hankali. Je ka tambayi duk malamin da ka yarda da shi, Annabi (SAW) ya hana mutum ya saida abin da ba ya hannun shi, kuma ya hana najashi, wato mutum ya riƙa ƙara tayi ba don zai saya ba sai don ya ruɗi wani. A irin guruf ɗin nan da ake gwanjon atamfa da waya da kayan kicin, yawancin masu ɗaga farashin nan yaransu ne, ke kaɗai ce mai kuɗin gaske a wajen, Hajiya.

Wanda ya riga ya tura kuɗi kar ya tsaya kunya ko jiran gobe. Ka kira bankinka nan take ko ka je da ƙafarka ka shigar da ƙorafi, wani lokacin in an yi sauri ana iya riƙe akawun ɗin da kuɗin suka shiga. Kar ka goge hirar, ka ɗauki hotonta duka da rasit da lambar akawun da lambar wayar, ka kai ma 'yan sanda ko EFCC. In ka ba su BVN ko lambar katin ATM ko lambar sirrin da banki ke turowa ta saƙo, to a ranar ka sa a toshe katin. Kuma ka shirya, bayan kwana biyu wani zai kira ka ya ce shi lauya ne ko jami'in tsaro, zai dawo maka da kuɗinka in ka biya kuɗin bincike, su ne dai suka dawo zagaye na biyu.

Matasa masu ba da aron akawun ɗinsu a turo kuɗi a ba su dubu 5, ku bari, don in bincike ya tashi sunanka ne a kai, ƙofar gidanku za a zo ba tasu ba. Su kuma admin na guruf ɗin unguwa da na dangi da na tsofaffin ɗalibai, don Allah duk wanda ya turo tallan gwanjon nan ku goge shi nan take, ku kira wanda ya turo ku tambaye shi ko shi ma ya riga ya biya fom.