Wata uku da manhajar koyon fokar: sharhina kan katin ƙarshe

In fara da wanke kaina: da tsabar wasa nake buga fokar (wasan karta na caca) a waya, tsabar da ba a canza ta da ko kwabo. Lissafin ne ya ja ni. A 2017 na ji labarin Libratus, kwamfutar da masana na jami'ar Carnegie Mellon suka ƙera, ta kara da ƙwararru huɗu a Pittsburgh ta Amurka, hannu 120,000 (wato rabon kati sau 120,000), ta lallasa su. Tun daga nan nake son ganin yadda na'ura ke tunani a wasan da rabinsa burga ce.

Wata uku ke nan ina biyan kuɗin wata manhaja mai koyar da Texas hold'em, fokar da ake ba kowa kati biyu a buɗe biyar a tsakiya, irin wanda ba a ƙayyade yawan abin da mutum zai zuba ba. Sunanta ba zan kama ba. Tana ɗora maka hannu, ka zaɓi abin yi, sannan ta nuna maka abin da lissafi ya ce.

Inda na fi shan wuya shi ne kati na biyar, na ƙarshe da ake buɗewa a tsakiya. 'Yan wasan na ce masa riba, ba ribar ciniki ba, kalmar kogi ce ta Turanci, ko da yake a nan ɗin ake cin riba ko a tafka asara. Idan kai ne za ka fara magana, abokin karawarka yana bayanka yana kallo, to ka shiga uku. Ka wuce, wato ka ƙi zuba komai, ya ɗauka ba ka da komai ya danno. Ka zuba da yawa, sai wanda ya fi ka ne zai biya. Ni dai da hanya biyu na sani: ko in wuce, ko in zuba kusan daidai da tarin tsabar da ke tsakiya.

Ga hannun da ya canza min tunani. Ina riƙe da sarki da goma. A tsakiya akwai goma, takwas, uku, biyu. Abokin karawa ya zuba a zagayen farko, ni kuma na biya daidai abin da ya zuba, a na biyu muka wuce mu duka. Sai kati na biyar ya zo jak, katin da ya fi gomata daraja. Tari 100 ne. Na wuce kamar yadda na saba, manhajar ta nuna min ja. Wai in zuba kashi ɗaya cikin uku, wajen 33.

Na yi tsaki, don a ganina wannan zubin matsorata ne. Da na zauna da biro sai na gane. Idan na zuba 33, shi zai biya 33 don ya ci 133, ke nan ya ishe shi ya yi nasara sau ɗaya cikin biyar. Saboda arhar nan, mai takwas ɗaya a hannu (da ta tsakiya biyu ke nan) zai biya, mai tara biyu a hannu ma zai biya, kuma duk na fi su. Da na wuce, waɗannan za su wuce su ma, in ci tarin kawai ba tare da ƙarin komai ba. In kuwa ya zuba 75, ni ne a tsaka mai wuya: sai in ina cin uku cikin goma kafin biyan ya yi ma'ana, kuma ban san ko jak ce a hannunsa ko burga ba. Ƙaramin zubin ya sa ni na yanke farashi, ba shi ba. Wannan darasin kaɗai ya fanshi kuɗin watan farko.

Ta kuma koya min cewa dole wani lokaci in yi ƙaramin zubin da hannu mai ƙarfi sosai, in ba haka ba duk mai ido zai riƙa ɗaga min, wato ya zuba fiye da nawa, ya kore ni.

Amma fa tana da haushi. Lambobi kawai take jefo maka: zuba sau 62 cikin 100, wuce sau 38. Dalili? Kai ka nemo. Sannan ta ɗauka abokin karawarka ma na'ura ce, mai burga daidai gwargwado, sau ɗaya cikin uku idan ya zuba daidai da tari. Mutanen da nake haɗuwa da su ba haka suke ba. Yawancinsu in suka ɗaga maka a katin ƙarshe, wallahi abin na hannunsu. Sati biyu ina biyan irin wannan ɗagawa bisa shawararta, tsabata na zurarewa, kafin na koma zubar da katina. Ga kuɗin wata da dala, ga cin data, ga rubutu ƙanana da sai na matso da waya kusa da hanci.

Wanda bai iya lissafin farashin biya da ka ba, kada ya fara da ita, zai ruɗe. Ni na sabunta wata guda kawai, don sashen wucewa sannan a ɗaga har yanzu bai zauna min ba.