Kallon besbol a filin Globe Life: wace rana, wace kujera, kuma ina kuɗin ke tafiya

'Yan'uwa mazauna yankin Dalas da Fort Worth, da masu zuwa ziyara Teksas, tambayar nan tana yawan tasowa musamman in an yi hutun makaranta yara sun cika gida, wai shin kai iyali kallon besbol a Globe Life, sabon filin ƙungiyar Texas Rangers, ya ci kuɗinsa, kuma in za a je wane tikiti ya kamata a saya? Ni dai a ganina ya ci, amma fa sai ka san abin da kake biya, don a filin nan mutum biyu za su kalli wasa ɗaya, ɗaya ya kashe ninkin ba ninkin abin da ɗayan ya kashe kuma ba lallai ya fi shi ganin komai ba.

Filin yana Arlington ne, tsakanin Dalas da Fort Worth, kusa da AT&T Stadium na Cowboys, ƙungiyar ƙwallon ƙafa irin ta Amurka, yana ɗaukar mutum 40,300. An buɗe shi a 2020 daidai lokacin korona, wasan farko na gasa ma ranar 24 ga Yuli aka buga shi da Colorado Rockies ba ɗan kallo ko ɗaya a ciki. Tsohon filin da aka buɗe a 1994 yana nan tsaye a tsallaken titi, yanzu sunansa Choctaw Stadium, kuma ba wai ya lalace ba ne aka bar shi, rana ce kawai ta kori mutane. Wanda ya san Yuli da Agusta a Teksas ya san zafin maki 38 zuwa 40 a ma'aunin Celsius ba labari ba ne, ka zauna awa uku a kujerar roba ba inuwa, da yara, wa zai iya? Shi ya sa a 2016 mutanen Arlington suka jefa ƙuri'a suka yarda garin ya zuba har dala miliyan 500, ginin gaba ɗaya ya haura dala biliyan 1, aka yi masa rufi mai buɗewa da rufewa da na'urar sanyaya wuri. Toh ka riƙe wannan, don shi ne ginshiƙin duk shawarar da zan bayar: babban abin da kake saya a nan sanyi ne, kuma sanyin nan iri ɗaya ne ga mai kujerar ƙasa da mai ta can sama. Rufin galibi a rufe yake, sai jefi-jefi a Afrilu ko ƙarshen kakar wasa in yanayi ya yi daɗi ake buɗewa, don haka maganar wace kujera ce rana ke duka, wadda take da muhimmanci a wasu filayen, a nan kusan ba ta taso ba.

Daga waje gaskiya ba shi da kyau, kamar wani ƙaton sito yake, kuma tsofaffin magoya baya har yau suna ƙorafin ba shi da armashin tsohon, ciyawar ma ta roba ce. Ina fahimtarsu. Amma wanda ya shigo da jariri da tsohuwa a tsakiyar Agusta ya ji iska mai sanyi ta buge shi a bakin ƙofa ba zai yi wannan ƙorafin ba.

Kafin kujera, fara zaɓar rana. Nan ne mutane da yawa ke asara. Rangers suna buga wasa 81 a gida duk shekara, daga ƙarshen Maris ko farkon Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kuma farashin tikiti ba tsayayye ba ne, yana hawa yana sauka gwargwadon wanda za a kara da shi da kuma ranar. In Houston Astros ne suka zo, wato abokan hamayyarsu na cikin jiha, ko Yankees ko Dodgers, ko ranar buɗe kakar wasa, ko daren Asabar da ake rabon riga ko 'yar tsana ga waɗanda suka fara shiga, kujerar da za ka samu da araha ranar Talata sai ka ga ta yi tashin gwauron zabi. Wanda ya san wasan yana son ihu da cika, wannan kam ya biya ya je na Astros, akwai zafi a ciki sosai. Amma in zuwanka na farko ne, ba ka ma gama gane dokokin ba, me zai sa ka biya kuɗin hamayyar da ba ta dame ka ba? Ka nemi daren Litinin zuwa Alhamis da wata ƙungiya mara tarin magoya baya, layin shiga gajere, layin bayi gajere, fita da mota ba wahala.

Sai lokacin wasa, wanda a wajenmu ya haɗa da salla. Wasan dare yawanci ƙarfe 7:05 ake farawa, kuma tun da aka kawo agogon da ke ƙayyade wa mai jifan ƙwallo lokaci a 2023 wasa ya ragu zuwa wajen awa 2 da minti 40, ba kamar da ba da ake haura awa uku. A tsakiyar bazara rana ba ta faɗuwa a nan sai wajen 8:30, kenan magariba za ta same ka a tsakiyar wasa, kuma kada ka sa a ranka cewa za ka fita mota ka yi salla ka dawo da tikitin nan. Ka shigo da alwalarka, ka ɗauko 'yar sallaya mai naɗewa, in lokaci ya yi ka hau barandar sama ka nemi lungu mara cunkoso, ka yi wa ma'aikacin wajen magana cikin mutunci. Wasan Lahadi kuwa da rana ne, wajen 1:35, ana tashi wajen huɗu da 'yan mintuna, a bazara la'asar ba ta shiga ba tukuna, kuma yara za su koma gida da wuri. Ga mai iyali ni Lahadin nake zaɓa ko da ta ɗan fi Talata tsada.

Yanzu kujeru. Filin hawa-hawa ne, akwai na ƙasa dab da 'yan wasa masu ƙananan lambobi, sai na ɗari-ɗari, sai na 200, sai na 300 can ƙololuwa. Na ƙasa bayan mai bugu, wato mai dukan ƙwallo da sanda, su ne na kulob, masu kujerar laushi da ɗakin cin abinci nasu na daban, kuma kuɗinsu ba na wasa ba ne. Abin da ya sa ba na ba ɗan'uwa shawarar su ba tsadar kaɗai ba ce, kaso mai yawa na kuɗin na abinci da abin sha ne, mu kuwa giya ba tamu ba ce, naman ma sai ka tsaya tambaya, ƙarshe ka biya cikakken kuɗi ka ci rabin amfani. In kamfaninku ne ya ba ka kyauta, bismillah, je ka more. In daga aljihunka ne, a'a.

Na ƙasa ta gefen bes na farko (bes su ne matsayan da mai gudu ke takawa a zagayen fili) nan bencin Rangers yake, baƙi suna ta gefen bes na uku. A nan za ka ji ƙarar ƙwallo tana shiga safar mai kamawa, wani irin "fas" mai kauri da talabijin ba ta kawo shi, ka ga mai jifa yana murza ƙwallon a bayansa yana girgiza kai yana ƙin abin da aka umarce shi ya jefa. Akwai raga a gaba saboda ƙwallon da ke kaucewa, bayan 'yan mintuna ido yana mantawa da ita. Yaro mai son wasan da gaske, wanda ya san sunayen 'yan wasa, ya cancanci a kai shi nan ko sau ɗaya. Matsalarsu ga sabon shiga ita ce daga ƙasa ba ka gane nisan ƙwallo, an buga ta sama sai ka miƙe kana murna ashe a hannun mai tsaron baya za ta sauka.

Shi ya sa zaɓina shi ne hawa na 200, tsakanin bes na farko da na uku, gwargwadon kusancinka da bayan mai bugu gwargwadon daɗinsa, kuma layukan gaba in ka samu. Daga nan filin gaba ɗaya yana shimfiɗe a gabanka, kana ganin yadda masu tsaro tara suka rarrabu, yadda suke matsawa hagu ko dama in wani mai bugu ya shigo, yadda mai gudu ke satar taku daga bes yana jiran mai jifa ya sha'afa, ga babban allo na ɓangaren dama yana fuskantarka kana karanta komai. Wanda ke koyon wasan a nan zai koye shi. An gina hawan nan kusa da fili fiye da na tsohon, ba ka jin an jefar da kai nesa. Na 300 su ne mafi araha, kuma in dai ta tsakiya ka saya ba laifi ko kaɗan, ga gayya mai yawa ko ɗalibai shi ne daidai, sai dai akwai tsayi da gangare, mai ciwon gwiwa ko mai jin jiri ya yi tunani. Abin da zan ce a guje shi ne kujerun sama na can ƙarshen fili, wasu ba sa ganin wani yanki na ƙasansu, sai ka ji mutane sun yi ihu kai ba ka san me ya faru ba, na dama kuma babban allon yana samansu ne.

Kujerun bayan katanga na ƙasa nasu daɗin daban ne, nan hom ron ke faɗowa, wato ƙwallon da aka buga ta tsallake katanga, kuma a besbol duk ƙwallon da ta shigo cikin 'yan kallo ta wanda ya cafke ce. A ɓangaren hagu na filin nan Aaron Judge na Yankees ya buga hom ron ɗinsa na 62 na shekarar ranar 4 ga Oktoba 2022. In ka zauna a nan ka nuna wa yara lambobin da ke jikin katanga, na nisan katangar ne, kuma ba haka kawai aka sa su ba, an daidaita su da lambobin rigar tsofaffin taurarin ƙungiyar, ƙafa 329 a layin hagu don Adrián Beltré mai riga 29, 334 don Nolan Ryan mai 34, 407 a tsakiya don Iván Rodríguez mai lamba 7. Ka ɗaga kai kuma ka ga tutar kofin World Series na 2023, wato kofin zakaran besbol na shekara, na farko a tarihin ƙungiyar, wanda suka ci Arizona Diamondbacks, a filin nan Corey Seager ya farke wasan farko a zagaye na 9, Adolis García ya ƙarasa shi a na 11.

Akwai kuma tikitin ci-iya-cinka, wanda ake haɗa maka kujera da hotdog da nachos da gyaɗa da gugguru da lemo. A ido kamar garaɓasa, amma ka zauna ka yi lissafi, in naman da ke ciki ba ka natsu da shi ba me ya rage? Gugguru da lemo. Abinci a ciki yana da tsada kamar kowane fili a Amurka, har da wani hotdog mai tsawon ƙafa biyu da suke kira Boomstick wanda mutane ke saya don hoto. Abin daɗin shi ne suna barin a shigo da abinci daga gida in yana cikin leda mai shara-shara, da gorar ruwa wadda ba a buɗe ba, don haka uwargida ta soya nama ko ta yi fanke ko dambun nama a ƙulla wa kowa nasa, a ciki sai a ƙara da dankali ko askirim na yara, shikenan an rage kusan babban kashin kuɗin. Ka duba girman leda da na jaka a shafinsu kafin ka fito, kuma jakar goyo a bar ta a mota.

Zuwa wajen fa? Arlington ba ta da jirgin ƙasa ko bas na yau da kullum da zai sauke ka a ƙofa, kusan kowa da mota yake zuwa ta babban titin I-30 ko 360. Ka sayi fakin tare da tikiti tun a gida, na nesa ya fi araha amma ka tuna tafiyar ƙafar a cikin zafin nan ne ba sanyi, da ƙananan yara gara ka ƙara kuɗi ka matso. Uber da Lyft wajen zuwa lafiya lau, wajen dawowa ne farashi ke hauhawa don kowa lokaci ɗaya yake kira, sai dai ka ɗan zauna a Texas Live, wurin cin abinci da shaƙatawa da ke maƙale da filin, har a rage, shi ma da dare mashaya sun fi yawa a ciki, ba kowa zai so kai iyali ba. Ka kuma duba ko akwai wani taro a AT&T Stadium a ranar, in sun haɗu go-slow ɗin ba a magana. Cikin filin ba a karɓar tsabar kuɗi, kati ko waya kawai, tikitin ma a waya yake ta manhajar MLB Ballpark, a cika caji kafin a fito.

Wajen saye, ka buɗe shafin ƙungiyar ka buɗe shafukan sayar da tikiti na SeatGeek ko StubHub ka kwatanta, amma jimillar ƙarshe za ka duba bayan an ɗora caji, ba lambar farko ba. Wasan tsakiyar mako masu tikitin shekara sukan karyar da nasu in lokaci ya matso, mutum ɗaya ko biyu za su iya jira har ranar. Ku shida masu son zama a jere kuwa kar ku jira. Kuma don Allah kar a sayi hoton tikiti a hannun wani a Facebook ko bakin titi, sai dai ya turo maka shi ta cikin manhaja.

In kuma duk lissafin ya yi maka nauyi, akwai Frisco RoughRiders, ƙaramar ƙungiyar Rangers ɗin ce da ke renon matasan 'yan wasa, filinsu yana Frisco arewacin Dalas, tikiti da sauƙi kuma kana dab da fili. Sai dai shi ba rufi, don haka Afrilu ko Mayu za ka kai yara can, in Yuli ta shigo ku dawo Arlington.