Warfarin ko rivaroxaban: amsa ga mai ƙarancin furotin S na gado

Malam, ka ce jini ya daskare maka a jijiyar ƙafa karo na biyu, likita ya gano ƙarancin furotin S ne na gado, wato sinadarin da ke cikin jini mai hana shi yawan daskarewa, ya ce maganin tsinka jini ya zama na dindindin, ya kuma bar maka zaɓi tsakanin warfarin da rivaroxaban, ga shi kana zaune a Daura. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce.

Ka ɗauki rivaroxaban, in dai aljihunka zai iya sayensa kowane wata ba tare da yankewa ba, kuma ba ka cikin mutanen da zan ambata a ƙasa waɗanda bai dace da su ba.

Tsarinsa a bayyane yake. In daskarewar sabuwa ce, ana farawa da miligiram 15 sau biyu a rana har kwana 21, daga rana ta 22 a koma miligiram 20 sau ɗaya a rana. Yana kama aiki cikin awa biyu zuwa huɗu da haɗiyewa, don haka ba ya buƙatar a raka shi da allura. In yanzu ana yi maka allurar enoxaparin, wadda aka fi sani da Clexane, ƙwayar farko tana shiga ne a lokacin da allura ta gaba ta kamata, a maimakonta, ba tare da ita ba. Babu awon jini na wata-wata don daidaita shi. Abin da ake dubawa shi ne aikin ƙoda da hanta da yawan jini kafin a fara, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara, ko fiye in ƙodar na da rauni.

Sharaɗinsa babba ɗaya ne, kuma nan mutane suka fi faɗuwa: mai 15 da mai 20 dole a sha su da abinci. In ka haɗiye mai 20 da ruwa kawai cikinka babu komai, kusan kashi biyu cikin uku ne ke shiga jini, sauran ya tafi a banza. Da abinci kuwa kusan duka yake shiga. Kuma abinci na gaske ake nufi, tuwo ko shinkafa ko ɗanwake, ba kofin shayi ba.

Akwai wani tela a wani ƙauye ta wajen Mai'aduwa, mai lalura irin taka, wanda ya sha fama da warfarin wajen shekara biyu, awonsa yau ya hau gobe ya sauka, har ya fara fid da rai. Da aka mai da shi kan rivaroxaban, maiɗakinsa ce ta karɓi ragamar. Kullum in za ta kai masa tuwon dare sai ta ɓallo ƙwaya ɗaya ta ɗora a kan murfin kwanon miya, yadda ba zai buɗe miyar ba sai ya ɗauke ta. A bayan katin maganin kuma tana jan layi da biro kowane dare. Da azumi ya zo ba su canza komai ba sai lokaci: ƙwayar ta koma wajen abincin bayan magariba, ba wajen dabino da kunu ba. Shekarunsa uku ke nan a kan kekensa, kumburin ƙafar ya faɗa, ba a sake kwantar da shi ba. Irin wannan zaman lafiyar nake maka fata.

Sai dai ka san raunin rivaroxaban. Ƙarfinsa ba ya daɗewa a jiki, kwana ɗaya in ka tsallake kariyar ta ragu ƙwarai, kwana biyu kamar ba ka taɓa sha ba. In ka manta mai 20, ka sha da zarar ka tuna a ranar, amma kada ka haɗa biyu washegari. A kwana 21 na farko ne kaɗai ake iya haɗa mai 15 guda biyu a lokaci ɗaya don a cika miligiram 30 na ranar. Kuma kada tsada ta sa ka riƙa raba ƙwaya biyu ko shan ta yau ka huta gobe. Gaskiya ne bayan wata shida akan rage wa wasu zuwa miligiram 10, amma ga wanda abin ya maimaita masa kuma na gado ne, likitoci da yawa sukan bar shi a kan 20. Wannan hukuncin likitan jini ne, ba na mai kemis ba.

Warfarin kuwa, ba za a raina shi ba, tun shekarun 1950 yake aiki kuma yana da araha ƙwarai. Amma ƙwayar ce mai araha, hidimarta ba ta da araha. Babu wani adadi da ya dace da kowa. Wani miligiram 3 ya ishe shi, wani sai 10. Abin da ke nuna ko adadin ya yi daidai shi ne awon da ake kira INR. Mai lafiya awonsa kusan 1 ne, kai ana so naka ya zauna tsakanin 2 da 3. In ya yi ƙasa da 2 jinin na iya sake daskarewa, in ya haura 4 ko 5 zubar jini ce ke jiranka. A farko sai an auna kusan sau biyu a mako, sannan mako-mako, in ya zauna a koma duk bayan mako huɗu. Kafin ka ce ya fi sauƙi, ka je ɗakin awon da ke kusa da kai ka tambaya ko suna yin INR kullum, don ƙananan wurare sinadarin awon kan yanke musu. In ya zama sai ka riƙa zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, tafiyar kusan kilomita 80, ko Asibitin Malam Aminu Kano, to ka haɗa kuɗin mota zuwa da dawowa, kuɗin awo, da wunin kasuwar da ka rasa, sannan ka gwada da farashin rivaroxaban. Da yawa in suka yi wannan lissafin sai su ga tazarar ba ta kai yadda suke zato ba. Ko awon kansa yana da tarko: kwalbar mai shuɗin murfi ce, dole a cika ta har layi, in aka ɗiba kaɗan sakamakon kan fito sama da gaskiya, a rage maka magani a kan kuskure.

Ga mai ƙarancin furotin S ko furotin C, wanda shi ma aikinsa hana daskarewar ne, akwai wani haɗari na musamman. Warfarin na rage waɗannan furotin ɗin da sauri kafin ya rage masu daskarar da jinin, don haka a kwanakin farko jinin ya fi saurin daskarewa. Shi ya sa ba a fara shi shi kaɗai: sai an haɗa da allurar Clexane aƙalla kwana biyar, har INR ya kai 2 ya tsaya. In aka yi sakaci, tsakanin kwana na uku da na goma fata kan yi ja mai zafi a cinya ko ɗuwawu ko ciki, ta yi baƙi ta mutu. Ba ya yawan faruwa, amma masu irin lalurarka ne ya fi samu. Wanda ya yanke warfarin na mako guda saboda tafiya sannan ya ci gaba da kansa, wannan haɗarin ya sake buɗe wa ƙofa.

Sai abinci. Bitamin K ne ke karya ƙarfin warfarin, shi kuwa a koren ganye yake: zogale, alayyahu, kabeji, latas. Ba a hana ka ci ba, abin da ake so kada adadin ya riƙa hawa da sauka. To a ƙasarmu yaya za a yi? Da damina kwaɗon zogale safe da yamma, da rani ya ja baya, awon ya bi shi. Magungunan da muke sha kamar gyaɗa su ma suna rikita shi. Flagyl, Septrin, ciprofloxacin da fluconazole suna ɗaga INR cikin 'yan kwanaki; rifampicin na tarin fuka yana kifar da shi. Launin ƙwayar warfarin ma abin lura ne, don ruwan hoda miligiram 5 ne a tsarin Ingila amma 1 ne a tsarin Amurka. Lambar za ka karanta, ba launi ba.

Abu biyu zan ba warfarin ba gardama. In jini ya ɓalle, makarinsa bitamin K ne, kuma akwai shi a asibitocinmu, alhali makarin rivaroxaban yana da tsada da wuyar samu. Sannan in an sayar maka da na jabu, INR zai tona asiri. Rivaroxaban na jabu babu awon yau da kullum da zai nuna maka, sai ƙafa ta sake kumbura.

Wannan ya kawo ni kan masu sayarwa, ko da ba ka tambaya ba. Yaudarar da ta fi yawa ita ce ka je da takardar likita a ce maka babu shi, amma ga Vasoprin ko clopidogrel, "ai duk maganin tsinka jini ne". Ba ɗaya ba ne. Waɗancan a kan wani ɓangare na jini suke aiki, ba za su tsare ka daga daskarewar jijiyar ƙafa yadda ake buƙata ba. Akwai mai miƙo maka mai 10 a kuɗin mai 20, akwai mai ƙirgo ƙwayoyi tsirara a leda ba kwali ba kwanan wata, akwai wanda ya goge ranar lalacewa ya buga sabuwa. Ka saya a famasi mai rajista inda akwai masanin magani, ka riƙe wuri ɗaya. Ka duba lambar NAFDAC, ka bincika ta a manhajarsu ta Greenbook, ka tabbatar lambar rukuni da ranar lalacewa da ke jikin katin sun yi daidai da na kwalin. Xarelto na kamfanin Bayer shi ne na asali, amma na wasu kamfanonin masu rajista suna aiki kuma sun fi sauƙi. Wanda ya faɗo ƙasa warwas a farashi shi ne abin tsoro. Masu tallan garin "wanke jini" a WhatsApp da lasifikar kasuwa, waɗanda ke cewa ka ajiye na asibiti na wata ɗaya ka gwada nasu, su kam ka yi nesa da su. Ka riƙa sayen na wata mai zuwa tun saura mako guda, kuma kada ka bar shi a gaban mota cikin zafin Afrilu.

Waɗanda rivaroxaban bai dace da su ba: mai ƙodar da ta yi rauni sosai, mai ciwon hanta mai tsanani, wanda aka sa wa bawul ɗin ƙarfe a zuciya, mai shan rifampicin, ko carbamazepine da phenytoin na farfaɗiya, ko maganin ƙanjamau mai ritonavir a ciki. Sai mai wata lalura da ake kira antiphospholipid, wadda ba ta gado ba ce amma tana kama da taka. An gano warfarin ya fi tsare masu ita, musamman waɗanda awonsu uku duka suka nuna. Ka tambayi likitanka kai tsaye ko an yi maka wannan awon. In kana cikin waɗannan, ko ka san kuɗin zai riƙa yankewa, to warfarin da awo a kan kari ya fi rivaroxaban na jefi-jefi nesa ba kusa ba. Akwai kuma apixaban, ɗan'uwan rivaroxaban ne, sau biyu ake sha a rana, ba ya buƙatar abinci, kuma ya fi sauƙi ga mai gyambon ciki ko raunin ƙoda.

Ko wanne ka ɗauka, ka yi sallama da aspirin, ibuprofen, diclofenac, Felvin da Alabukun, wanda aspirin ne a cikinsa. Ciwon kai ko jiki, paracetamol. Babu ƙaho, babu tsaga wajen wanzami, cire haƙori kuma sai ka faɗa wa likita tun kafin ranar. Ka rubuta sunan maganin da adadinsa a 'yar takarda ka sa a aljihun gaba, don in aka yi haɗarin babur ba kai ne za ka yi bayani ba. In ka bugu a kai ka je asibiti ko da ka ji garau. Baƙin bayan gida kamar kwalta, jini a fitsari, haɓon da ya wuce minti goma bai tsaya ba, ciwon kai mai tsanani na farat ɗaya, ko numfashi ya yi wuya tare da ciwon ƙirji: waɗannan ba a kwana da su, kuma kada wani ya ce maka basir ne ya ba ka jiƙo. In tafiya ta kama ka mai nisa, motar Legas ko jirgin Hajji, ka sha ruwa sosai, ka riƙa motsa ƙafa, ka taka duk inda aka tsaya.

Ka kuma tambaya yaushe aka ɗebi jinin da aka auna furotin S ɗin. In lokacin da daskarewar ke sabuwa ne, ko kana kan warfarin, yakan nuna ƙasa ko ga wanda ba shi da lalurar, don haka akan maimaita. Maganinka ba zai canza ba tunda abin ya faru sau biyu, amma ga danginka yana da muhimmanci. In ya tabbata, kowane ɗanka yana da rabi da rabi na gadonsa, ko da yake da yawa sukan yi rayuwarsu ba abin da ya same su. Matan gidan ne abin ji: 'yan'uwanka mata da 'ya'yanka su guji ƙwayar tazarar haihuwa mai estrogen har sai an bincika, kuma su faɗa wa ma'aikatan awon ciki tun zuwan farko cewa akwai abin a dangi. Mai juna biyu ba ta shan warfarin ko rivaroxaban, allurar Clexane ake ba ta in akwai buƙata, a ci gaba har mako shida bayan haihuwa, wato har a ɗan wuce arba'in. Mai shayarwa kuwa warfarin ko allurar ake ba ta, ba rivaroxaban ba.