Kan harsashi mai rigar jan ƙarfe: a matsa a gida, a zuba dalma, ko a sayi na kamfani?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko akwai riba idan ka sayi kayan aiki ka riƙa haɗa kan harsashi mai rigar jan ƙarfe, wato ɓangaren da ke fita daga bindiga idan an harba, a gidanka, tunda kusan kowane ƙarshen mako kana zuwa filin harbi a jihar da kake zaune a Amurka, ka riga ka iya sake cika kwanson harsashin da aka harba, kuma kuɗin kan harsashin ya fara yi maka nauyi. Na taɓa dukkan hanyoyin uku da ke gabanka, wato sayen na kamfani, da zubin dalma, da matsa mai riga (a danna dalma mai sanyi cikin rigar da ƙarfin inji), saboda haka zan jera maka su kusa da juna ta fuskar kuɗi da lokaci da ingancin abin da ke fitowa. Maganar tawa ta shafi mazauna Amurka ne kaɗai, inda dokar tarayya ta bar mutum ya haɗa harsashi don amfanin kansa, amma ta wajabta lasisi a kan wanda zai mai da shi sana'a ya riƙa sayarwa, ko da kan harsashin ne zalla. A Najeriya kuwa dokar makamai ta 1959 ta haramta wa mutum ƙera harsashi a gida, don haka 'yan'uwan da ke karanta wannan daga can su ɗauke shi a matsayin bayani kawai.

Dalilin da ya sa ake yi wa dalma riga shi ne ya kamata a fara fahimta, domin a kansa ne duk kwatancen ya tsaya. Dalma tana da nauyi da araha, amma tana da laushi, kuma tana narkewa a zafin digiri 327 a ma'aunin Salsiyos. Idan aka tura ta da gudu mai yawa cikin bututun bindiga, sai ta riƙa gogewa tana manne wa bututun, saiti ya lalace. Wani hafsan sojan Suwizalan mai suna Eduard Rubin ne ya fito da dabarar lulluɓe dalmar da ƙarfe mai ɗan tauri a shekarar 1882, kuma zuwa yau yawancin rigunan da kamfanoni ke amfani da su haɗi ne na kashi 95 na jan ƙarfe da kashi 5 na tutiya. Wannan rigar ce ke bai wa harsashin damar fita da gudun ƙafa 3,000 a sakan ɗaya ba tare da ya ɓata bututu ba. Idan harbinka bai kai kusa da irin wannan gudun ba, to tun daga nan buƙatarka ga rigar ta ragu sosai.

Masu ƙarfafa wa mutane gwiwa su shiga matsi sukan kawo tarihi, kuma tarihin gaskiya ne. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da jan ƙarfe ya koma hannun soja har maharba suka rasa abin harbi, Vernon Speer ya fara mai da kwansunan .22 da aka riga aka harba su zama rigar kan harsashi, kuma Joyce Hornady ya yi aiki tare da shi kafin ya kafa nasa kamfanin a Grand Island ta jihar Nebraska a 1949. Fred Huntington ma ya kafa RCBS a Oroville ta Kalifoniya a 1943 a kan ƙera kayan matsa irin wannan harsashi. Abin da ake mantawa shi ne, mutanen nan sun yi haka ne a lokacin da babu kan harsashi a kanti ko da kuɗinka, kuma kamfanonin da Speer da Hornady suka kafa suna cikin waɗanda yau suke fitar da shi da injuna miliyan bisa miliyan, a farashin da hannun mutum ɗaya ba zai iya karawa da shi ba.

Mu fara da kuɗin shiga. Sayen na kamfani ba ya buƙatar ka ƙara ko ƙusa a kan kayan da kake da su. Zubi yana buƙatar tukunyar narka dalma mai aiki da lantarki, da mazubi, da abin daidaita kauri, kuma idan ka tsaya a kan kayan kamfanin Lee masu sauƙin kuɗi, 'yan ɗaruruwan daloli kaɗan sun ishe ka. Matsi ne mai tsada. Ƙarfin da ake buƙata don tura dalma mai sanyi ta cika riga ya zarce na sake cika kwanso nesa ba kusa ba, shi ya sa masu yin abin da gaske sukan sayi inji na musamman, irin wanda kamfanin Corbin na jihar Oregon ya shahara da shi, sannan su sayi jerin gidajen matsi, wato ƙarafa masu rami da ake danna dalma da riga a ciki su ɗauki siffar harsashi, waɗanda ake gogewa da hannu har su yi santsi kamar madubi. Kowane kauri na harsashi da nasa jerin, kowace siffar baki ma da nata gidan. Wanda ya tashi haɗa inji da jeri ɗaya da ƙananan kayan da ke biye da su, ya shirya wa abin da ya haura dala dubu ɗaya, kuma sau da yawa sai ya yi watanni yana jira, domin masu ƙera waɗannan kaya ƙalilan ne kuma aikin ba na gaggawa ba ne.

A kuɗin kowane ƙwaya ɗaya ne matsi ke da ban sha'awa a kan takarda. Ɗauki kan harsashi mai kaurin inci .224 da nauyin giren 55 (giren ƙaramin ma'aunin nauyi ne), wanda shi ne aka fi harbawa a bindigar .223. Kwanson .22 da za a mai da shi riga yana da nauyin kusan giren 10, saura giren 45 na dalma, kuma tunda laba ɗaya giren 7,000 ce, za ta ba ka cikin harsashi kusan 155. Kwanson kuwa kyauta ne idan masu filin harbi sun yarda ka share ka kwashe. Mu ɗauka ƙwaya ɗaya ta tsaya maka a santi 3, na kamfani da ake saya da yawa kuma santi 12, kayan aikin kuma sun ci dala 1,500. Ragowar santi 9 ke nan a kowace ƙwaya, wato sai ka matsa fiye da 16,000 kafin kuɗin kayan ya dawo. Ka sa farashin da kake gani a garinku a madadin nawa, za ka tarar amsar tana yawo a cikin dubbai masu yawa duk yadda ka juya ta.

Lokaci ne abin da lissafin takarda ke ɓoyewa, kuma a nan nake so ka daɗe kana tunani. Ranar da na fara, na zo gida da bokiti cike da kwanson .22 ina murna, ban san cewa rabin aikin yana cikin bokitin ba. Sai da na zauna na ware su kamfani-kamfani, domin nauyinsu da tsawonsu ba ɗaya ba ne, na fitar da waɗanda aka taka suka lotse, na wanke ƙasa da toka, na shanya. Bayan haka kowace ƙwaya sai ta bi ta cikin inji sau huɗu ko biyar kafin ta zama kan harsashi, kowane zagaye da nasa shafa mai da nasa gogewa, kuma duk wadda bakinta ya naɗe ko ya tsage ta tafi kwandon shara tare da duk wahalar da aka sha a kanta. Da hannuna ya faɗa, ƙwaya ɗari takan ci mini wajen awa biyu idan na haɗa da wanki da tantancewa. A wannan tafiyar, ƙwaya 16,000 sun haura awa 300, wato kusan mako takwas na cikakken aikin ofis, kafin ka ce ka fara cin riba. Mai zubi da mazubi mai rami shida yana fitar da ɗaruruwa a zama ɗaya na yamma, mai saye kuwa buɗe kwali kawai zai yi.

Ta fuskar inganci, ba zan rage wa matsi daraja ba. Harsashin da aka matsa da sanyi ba ya samun kumfar iska a ciki kamar yadda na zubi kan samu, kuma nauyinsa yakan zo daidai ƙwarai. Amma rigar kwanson .22 siririya ce, ga tabon da allurar bindiga ta bari a gindinta, saboda haka ta fi dacewa da harbin takarda da ƙananan dabbobi masu ɓarna a gona. Idan aka matsa mata gudu a bututu mai saurin murɗa harsashi, takan tarwatse a iska kafin ta isa inda aka nufa, ka ga ɗan hayaƙi toka-toka a tsakiyar fili, takardarka kuma babu huda. Ba zan ɗauke ta zuwa farautar barewa ba, domin dabba tana da haƙƙin a kashe ta da harbi ɗaya mai shiga ciki sosai. Mai son abin da ya fi wannan sai ya sayi riguna na kamfani, irin J4 da 'yan gasar harbi daga kan benci suka daɗe suna amfani da su, kuma da zarar ka fara sayen riga, mafi yawan ragowar kuɗin ta tafi, tunda rigar ce ɓangare mafi tsada a jikin harsashin. Gaskiya ne cewa da yawa daga cikin gwanayen wannan gasa suna harba kan harsashin da aka matsa da hannu, sai dai gidajen matsinsu na ƙarfen kabaid ne mai tsananin tauri, masu cin dubban daloli, kuma abin da suke nema shi ne harsashi biyar su shiga kusan rami ɗaya. Ba araha ce ta kai su ba.

Zubi shi ne hanyar da nake ganin ka tsallake a tambayarka, alhali ita ce mai rage kuɗi da gaske. Ga ƙaramar bindiga irin .38 ko .45 ko 9mm, da ma bindigogin kafaɗa masu matsakaicin gudu irin .30-30 da .45-70, dalmar da aka zuba aka lulluɓe da fentin gari da ake gasawa tana aiki lafiya lau, ba ta ɓata bututu, kuma kuɗin kayan yakan dawo cikin 'yan dubbai kaɗan. Iyakarta gudu ne, domin da ka doshi ƙafa 2,000 zuwa sama aikin yana ƙara wuya. Zubi kuma yana karɓar dalma mai gauraye, har ma ya fi son ta da ɗan tauri, amma gidan matsi na injin hannu dalma mai laushi tsantsa yake so, mai tauri tana iya tsaga shi, ka wayi gari da asarar ɗaruruwan daloli a motsi ɗaya na hannu.

Akwai batun lafiya, kuma tunda ka ambaci kana da yara ƙanana, ba zan wuce shi ba. A nan matsi ya fi zubi sauƙi, domin idan ka sayi dalma a matsayin waya ba sai ka narka ta ba. Duk da haka ƙurar da ke cikin kwanson da aka harba tana ɗauke da ragowar sinadarin dalma daga abin da ke kunna albarushi, kuma likitoci ba su san wani adadin dalma a jinin yaro da za a ce ba shi da illa ba. Ko wace hanya ka bi, aikin ya tsaya a gareji, kada abinci ko shayi su shiga wurin, tufafin aikin su zauna a can, kuma ka riƙa neman a auna jininka lokaci-lokaci.

Hujjar da ta fi ƙarfi a bakin masu matsi ita ce dogaro da kai idan kaya suka yanke, kamar yadda aka gani a 2013 da kuma 2020 zuwa 2021. Na fahimci wannan damuwa, amma duk wanda ya sake cika kwanso a 2020 ya san abin da ya fi ɓacewa daga kanti shi ne 'yar hular da ke kunna albarushi, sai albarushin kansa, kuma injin matsi ba ya samar da ko ɗaya daga cikinsu. Dala 1,500 ɗin nan, a farashin da muka ɗauka, za ta saya maka kan harsashi fiye da 12,000 ka jera a kan kanta, ba ya ruɓewa, ba ya tsufa. Sannan idan farautarka a Kalifoniya take, tun 1 ga Yulin 2019 an hana farautar kowace dabba da harsashi mai dalma a duk faɗin jihar, wanda ke nufin abin da ka matsa ba zai wuce filin gwaji ba.

Inda matsi ke biyan kansa shi ne wurin da kamfanoni suka yi watsi da shi. Mai tsohuwar bindigar Italiya ta Carcano da ke son kauri .268, ko tsohuwar Mauser ta Jamus mai bututun .318 maimakon .323 da aka saba, ko Savage Hi-Power mai son .228, yakan sha wahalar samun abin da ya dace, idan ya samu kuma da tsada. Haka mai babbar bindigar farauta da kan harsashinta ɗaya ke haura dala ɗaya ko biyu. A irin wannan hali ragowar kowace ƙwaya tana da yawa, adadin da ake buƙata a shekara kaɗan ne, awoyin aikin ba su taruwa, kuma jeri ɗaya na gidajen matsi zai raya bindigar da da ta zauna a kabad. Akwai kuma wanda aikin kansa ne ke faranta masa rai, yana son ya gwada nauyin da babu a kasuwa, ya ga abin da hannunsa ya yi ya tafi daidai, kuma ina cikin waɗannan mutane, shi ya sa ban sayar da injina ba.

Kai kuwa ka ce .223 da 9mm kake harbawa, kuma nauyin kuɗi ne ya sa ka tambaya. Na .223 ka saye shi dubu-dubu lokacin da farashi ya sauka, musamman irin waɗanda kamfanoni ke sayarwa da rahusa saboda ɗan tabo a jiki, waɗanda ba su da wani aibi a harbin gwaji. Na 9mm kuma, wanda shi ne ya fi cin yawa a zamanku na ƙarshen mako, ka fara da tukunya da mazubi ɗaya. Idan bayan shekara guda har yanzu zuciyarka tana kan matsi, ka nemi wani a ƙungiyar filin harbinku da ke da inji, ka roƙe shi ya bar ka ka zauna ka haɗa ƙwaya ɗari daga bokiti har zuwa kwali, agogo yana gabanka, kafin ka tura wa kowa kuɗi.